Na'urar da Ba Ta Manta Sama Ba

Ƙarfe tara saura kwata na safiyar Litinin rahoton ya iso caji ofis, Sufeto ko hula bai cire ba.

"Sata ce, Yallaɓai," in ji Kofur. "A kamfanin masu awon fili. Wai wata na'ura ce ta yi ƙafa."

"Na'urar me?"

Kofur ya kawo takardar kusa da ido, ya sake nisanta ta. "Wai mai magana da taurari."

Sufeto ya yi tsaki ya ɗauki makullin mota. Shekara ashirin da shida yana aikin ɗan sanda, kuma duk abin da ke cin batir bai yarda da shi ba. Wayar aljihunsa ma zaman haƙuri suke yi. A bayan idonsa yaran ofis Sai-na-gani suke kiransa, don ko cewa ka yi ana ruwa a waje sai ya leƙa taga.

Kamfanin bene ne hawa ɗaya, bangonsa duk taswira. Babban Safiyo, shugaban masu awon, da kansa ya tarbe su, dogon dattijo mai furfura da farar riga, wanda kowa a gidan ke kira Oga. Ya ja su zuwa sito ya nuna musu kanta. Akwati ɗaya ruwan ɗorawa na zaune, a gefensa kuma ga shatin wani akwatin a cikin ƙura.

"Tagwaye ne," in ji shi. "Da su muke kafa turakun iyaka. Sati uku ke nan ba a taɓa su ba. Yau da safe Mai Sito ya buɗe ya tarar da ɗaya."

"Bayan ita me aka ɗauka?"

Mai Sito, wani gajere mai yawan lumshe ido, ya ce, "Sai cajarta, Yallaɓai."

"A cikin akwatin take?"

"A'a, a durowar can ta ƙasa."

Sufeto ya ja durowar. Wayoyi ne cunkus, baƙaƙe, duk kamarsu ɗaya. Ɓarawon da ya zaro wadda yake so daga cikin wannan tarkace ba baƙon ɗakin ba ne.

"Wa ke da makulli?"

"Ni da Baba Direba, don shi ke loda kaya," in ji Mai Sito. "Biyu ne kawai."

Oga ya yi ajiyar zuciya. "Ba na son ɗaukar alhakin mutum, Sufeto. Shekara ashirin da biyu yana tuƙa ni. Amma ranar Asabar na leƙo ɗaukar tabarauna, na ga akori-kurar kamfani ba ta nan."

Baba Direba ya ba sittin baya. Ya zauna a ofishin Sufeto, hularsa a kan gwiwa, yana ta murza bakinta.

"Baba, ina kake ranar Asabar?"

"Ina gida, Yallaɓai."

"Yini guda?"

"Yini guda."

"Ba ka taɓa motar kamfani ba?"

"Ban taɓa ba."

"Maigadin kamfani ya ce ƙarfe goma ka fita da ita, ka dawo ƙarfe biyu."

Dattijon ya sunkuyar da kai. Aka yi juyin duniya ya faɗi inda ya je, ya ƙi. Abu ɗaya kawai yake maimaitawa, shi bai taɓa ɗaukar ko allurar wani ba.

Mutum da makulli a aljihu, mota a hannu, ƙarya a baki, ai ko ɗan sandan da ya fara aiki jiya ya san inda zai sa shi. Ƙarfe huɗu na yamma aka karɓi bel ɗinsa da hularsa aka rufe shi a sel. Kofur ya je ya bincike ɗakin hutun direbobi da ke bayan kamfanin, ya dawo hannu rabbana.

Washegari tun takwas wata matashiya ke zaune a benci tana jiran Sufeto. 'Yar Baba Direba ce, idanunta sun kumbura.

"Yallaɓai, ni ce sanadi. Tuƙi yake koya mini. Aikin tuƙa motar asibiti nake nema, jarrabawar saura kwana goma, mu kuma ba mu da mota. Filin bayan makaranta muka je. In kamfani ya ji ya ba ni sitiyari korarsa za a yi, shi ya sa ya yi shiru."

"Kin ga akwati ruwan ɗorawa a motar?"

"Wallahi babu komai sai jarkar ruwa."

Sufeto ya yarda da ita har cikin ransa, amma yarda ba ta shiga fayil. Ya gaya mata gaskiya, in ba wani abu ya canza ba, gobe Laraba za a kai mahaifinta kotu.

"In aka kira shi ɓarawo a gaban mutane ba zai kai baɗi ba," ta ce. "Na san ubana."

Goma da rabi waya ta yi ƙara. Oga ne.

"Sufeto, na ratsa ta ɗakin direbobi yanzu, na ga kamar silin ya ɗan goce a kusurwa. Ko yaronka ya duba sama?"

Kofur bai duba ba. Allah bai ba shi tsawo ba, shi kuma bai nemi kujera ba. Suka je, Sufeto ya hau tebur ya tura hannu, sai ga akwati ruwan ɗorawa, daidai saman tabarmar da Baba Direba ke kishingiɗa.

A hanyar dawowa 'yar Baba Direba ce a ran Sufeto. Ya tausaya wa yarinyar, kuma ya ji haushin kansa da ya tausaya.

Kafin a rubuta kaya a matsayin shaida, sai an sami wanda ya san su ya tabbatar su ne, kuma suna aiki. Kamfanin ya turo Injiniya, wadda ke gyara musu na'urori, mace mai ƙaramin jiki da jakar kwamfuta a kafaɗa. Ta duba lambar jikin na'urar ta ce ita ce. Aba ce kamar faranti mai kauri, da ɗan allo a gefe.

"A ɗaki ba za ta yi ba, Yallaɓai. Sai inda za ta ga sama."

Suka fito farfajiya. Sha ɗaya da rabi, rana ta take. Ta ɗora na'urar a kan bokitin da aka kife.

"Wannan ce mai magana da taurarin?" in ji Sufeto.

"Ba ta magana da su. Ko tari ba ta yi. Saurare kawai take."

"Sauraron me? Ni ban ji komai ba."

"Taurarin ɗan'adam ne, sun kai talatin, suna can kilomita dubu ashirin a samanmu, suna zagaya duniya sau biyu a rana. Kowanne ba ya fasa faɗin abu biyu: ga ni nan, ga kuma lokaci. Ita kuma sai ta auna jinkirin da muryar ta yi a hanya, ta san nisansa. In ta ji huɗu, ta san inda take tsaye a doron ƙasa."

"Lasifikarsu babba ce ke nan."

Injiniya ta yi dariya. "Ƙarfin wutar da kowanne ke magana da shi bai wuce na ƙwan fitilar ɗakinka ba. Kafin muryar ta iso nan ta gama galabaita. Hayaniyar da wayoyin cikin na'urar kansu ke yi ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba."

"To ya ake jin abin da hayaniya ta danne?"

"Yadda uwa ke jin kukan ɗanta a tsakiyar kasuwa. Ba don ya fi kowa murya ba, don ta san kukan. Kowane tauraro da nasa kiɗan, bugu dubu ɗaya da ashirin da uku, yana maimaita shi sau dubu a daƙiƙa guda. Na'urar ta haddace na kowa. Sai ta riƙa buga kiɗan a cikinta, ta matsa da shi gaba kaɗan, ta gwada, ta ƙara matsawa, ta gwada, har ya hau daidai kan wanda ke saukowa. Da ya hau, sai muryar ta fito tar daga cikin hayaniyar."

Kofur ya buɗe baki ya manta bai rufe ba.

"Ba a nan ta tsaya ba," ta ci gaba. "Kun san jiniyar motarku. In tana tahowa muryarta siririya, in ta wuce sai ta yi kauri. Haka tauraro mai tasowa da mai faɗuwa. Dole ta laluɓo kaurin muryar ma, ɗaya bayan ɗaya."

"Bincike gida-gida ke nan," in ji Sufeto.

"Shi ne. In ta kama shi kuma sai ta zauna ya karanto mata hanyar da zai bi, a hankali, ba a sa shi sauri. Wannan kaɗai rabin minti ne. Labarin kuma ba ya kwana, bayan awa huɗu ya tsufa. Wannan da ta yi sati uku a rufe duk abin da ta sani ya lalace, daga farko za ta fara. Ka ba ta minti ɗaya ko biyu."

"Amma wayata nan take take nuna mini hanya," in ji Kofur.

"Layin waya ke tsegunta mata. Wannan ba ta da layi, ba ta da ɗan rahoto. Abin da kunnenta ya ji kawai ta sani."

Sufeto ya ɗaga hannu ya kafa wa agogonsa ido. "Kunna mu gani."

Ta danna. Ɗaya. Biyu. Uku. Huɗu.

Na'urar ta yi ɗan ƙara, koren haske ya kama, lambobi suka cika allon.

Injiniya ta yi wuf ta kashe ta. Murmushin fuskarta ya ɗauke.

"Ta lalace ne?" in ji Sufeto.

"Lafiyarta lau. Abin da ya tsorata ni ke nan." Ta nuna na'urar. "Ba ta nemi kowa ba, Yallaɓai. Kai tsaye ta je ƙofarsu. Ta san waɗanda ke sama da inda kowanne yake. Wannan na'urar ta ga sama yau, bai wuce awa huɗu ba."

"Ta cikin silin fa?"

"Ƙarƙashin rufin kwano? Ko kusa. Fili aka fito da ita aka kunna."

Sufeto ya juya ya kalli ƙaramar tagar sel. Awa goma sha tara da rabi ke nan Baba Direba na bayan wancan ƙarfen.

Amma ba a banza ake kiransa Sai-na-gani ba. "Kofur, je ka ɗauko 'yar'uwarta."

Aka kawo ta biyun, wadda kowa ya shaida ba ta bar sito ba. Bokiti ɗaya, rana ɗaya, agogo ɗaya. Injiniya ta danna.

Daƙiƙa goma, allon fayau. Goma sha biyar, wata siririyar alama ta tsiro a allon, ta faɗi, ta sake tsirowa ta tsaya.

"Ta kama ɗaya," Injiniya ta ce ƙasa-ƙasa, kamar kada ta firgita shi.

Ta biyu ta fito. Ta uku. 'Yan sandan kanta sun baro aikinsu sun zagaye bokitin, har da mai shara da tsintsiyarta.

"To tunda gudu yake, ya take riƙe shi?" in ji Sufeto, idonsa na kan allon.

"Gudu kai! Kusan kilomita huɗu a daƙiƙa. Kiɗan nan sau uku take buga shi a tare, ɗaya a gaba kaɗan, ɗaya daidai, ɗaya a baya kaɗan. In na gaba ya fi ji, ta san an bar ta, sai ta ƙara sauri. In na baya ne, ta sassauta. Haka take yi da kowanne, duk a lokaci guda, har ya faɗi."

"Yadda muke bin mutum a kasuwa," in ji Sufeto a hankali. "Ɗaya gaba, ɗaya baya, ɗaya a kafaɗarsa."

Sai a daƙiƙa ta hamsin da takwas koren hasken ya kama.

Sufeto ya ɗaga kai. Babu komai a sama sai shuɗi da shirwa ɗaya tana shawagi. Amma ga shi a allo, guda tara ne a kansa a wannan tsakar ranar, kowanne na raɗa sunansa da lokacinsa, muryar na sauka a kan hularsa, da rufin sel, da bokitin mai shara. Shekara da shekaru suna wucewa ta kansa yana tsammanin sama shiru take. Tsigar jikinsa ta tashi. Ya ji ya ƙanƙance a tsakiyar farfajiyar da ya saba ba da umarni, kuma abin mamaki, bai ji haushin hakan ba.

"Ikon Allah," ya ce. Can kuma ya sake cewa, "Ikon Allah."

A ofis Injiniya ta haɗa na'urar farko da kwamfutarta. Ta daɗe tana dube-dube.

"An share duk fayilolin aiki. Na shekara guda, ba a bar ko ɗaya ba."

"Baba Direba zai iya?"

"Baba ko saƙon waya 'yarsa ke karanta masa."

"Za ta gaya mana inda aka kunna ta?"

"Da za ta faɗa, amma ni na ɓata. Da na kunna ta a nan, sabon wuri ya hau kan tsohon." Ta ciji leɓe. "Sai dai labaran da ta karɓa suna nan, kowanne da lokacinsa. Mai sharewar bai taɓa su ba, ba a ma ganinsu a allo. Taurari bakwai ta saurara wajen ƙarfe takwas na safiyar yau."

Ta buɗe wani hoto, da'ira mai ɗige-ɗige. "Ga yadda sama take a garin nan ƙarfe takwas. Goma sha ɗaya ne a sama. Bakwai ɗin da ta ji duk suna yamma da tsakiya. Huɗun nan na gabas, ko ɗaya."

"Ma'ana?"

"An tsayar da ita a gindin wani abu dogo, mai faɗi, da ya tare mata gabas gaba ɗaya."

Tana faɗin haka hannunta ya tsaya a kan kwamfutar. Ta kawar da kai ta shiga naɗe wayar da ba ta buƙatar naɗi. Sufeto bai san taurari ba, amma ya san fuskar wanda ya tuna wani abu yake fatan bai tuna ba. Ya ƙyale ta tukuna, ya sa aka shigo da Mai Sito.

"Makulli nawa ka ce?"

"Biyu, Yallaɓai."

"Na'urar nan ta fita yawo yau da safe. Mai makulli ɗaya yana sel. Saura wa?"

Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gumi ya karyo wa Mai Sito. "Uku ne! Wallahi uku ne. Akwai na Oga. Shi ya ce kada in ambata, wai kada a ɓata wa 'yan sanda lokaci."

Da aka fita da shi, Sufeto ya juyo. "Injiniya, wane dogon abu ne a gabas?"

Ta ajiye wayar da take naɗewa.

"Oga ne ya koya mini aikin nan," ta ce. "Shi ya fara ɗora hannuna a kan na'ura. Kullum faɗansa ɗaya, kada ka kafa turke sai ta natsu." Ta share ido da bayan hannu. "Akwai rumbun hatsi na ƙarfe a bakin gari. A yammacinsa ana gina ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti. Oga ne ya kafa turakun wata biyar da suka wuce. Yanzu masu bututun ruwa sun ce ginin ya hau hanyarsu. An kafa kwamiti, sun ce ranar Alhamis a kawo musu fayil ɗin da ke cikin wannan na'urar."

Rumbun ya fi bene hawa shida, jikinsa na ƙyalli. Sufeto ya tsaya a kan turken siminti na kusurwar ginin ya kalli gabas, bai ga komai ba sai ƙarfe. A ƙasa, kewaye da turken, ga ramuka uku sababbi inda aka kafa ƙafafun na'ura.

Maigadin ginin bai ɓata lokaci ba. "Dattijon nan mai farar riga? Tun bakwai da rabi ya zo. Awa guda cur yana tsaye kamar soja, yana kallon abin nan. Na kawo masa kujera ya ƙi zama."

Ƙarfe uku suka shiga ofishin Oga. Ya miƙe da fara'a.

"Sufeto! An gama? Ni dai roƙona a sassauta wa dattijon, tsufa ne."

"Ina kake ƙarfe takwas na safiyar yau?"

"Ina gida. Sai tara na fito."

Sufeto ya ajiye akwatin a kan tebur. "Daƙiƙa huɗu ta yi ta kama. 'Yar'uwarta hamsin da takwas. Kai ne malami, ka fassara mini."

Oga ya kalli akwatin. Ya kalli Injiniya da ke tsaye a bakin ƙofa, kanta a ƙasa. Ba a ko kai ga maganar makulli na uku da maigadin gini ba, ya koma kujera a hankali ya cire tabarau.

"Daƙiƙa huɗu," ya ce. "Na share komai, na manta ita ba ta mantawa da sama."

"Me ya faru wata biyar da suka wuce?"

"Hadari ya haɗo. Magina goma sha biyu na tsaye da diga suna jirana. Rumbun nan ya tare mata rabin sama, sauran muryoyin kuma suna dukan ƙarfen suna dawowa, tana jin amsa-kuwwa tana ɗauka murya ce. Lambobin na ta rawa, ba ta natsu ba. Na ce shekara talatin da biyu ina wannan aiki, na san filin nan kamar tafin hannuna. Na buga turke." Ya murza goshi. "Fayil ɗin zai nuna ban jira ba. Ni da na kori yara biyu daga aiki a kan wannan laifin."

"Sai ka ɗauke ta ranar Asabar."

"Na share, da niyyar in mayar Litinin da sassafe. Mai Sito ya riga ni zuwa. Kafin in ankara an kira ku."

"Wannan na gane. Abin da ban gane ba, shaida ta riga ta goge, me ya kai ka kunna ta yau? Da ka bar ta a kashe, da yanzu Baba na hanyar kotu kai kana shan iska."

Oga ya yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Kai ba safiyo ba ne, Sufeto. Na goge shaidar, amma ban san amsar ba. Ko na yi daidai, ko na yi kuskure? Safiyo ba ya iya zama da turken da bai tabbatar ba. Na ce kafin in rabu da ita bari in tambaye ta sau ɗaya. Na ba ta awa guda, ta tace muryoyin ta natsu."

"Me ta ce?"

"Mita biyu da santimita goma sha ɗaya. Ginin na kan bututu." Ya ajiye tabarau ɗin a kan tebur. "Awa guda na ba ta yau. Ranar nan ko kwata ban iya ba ta ba."

"Kuskuren awo ba aikina ba ne, wannan tsakaninka da kwamiti," in ji Sufeto. "Amma dattijon da ya kwana a kan siminti aikina ne. Daga filin ka wuce ɗakinsa ka tura akwatin a silin, ka ɗauki waya ka kira ni."

"Na yi."

"Me ya yi maka?"

"Babu. Shi ne dai ya fi kusa."

Sufeto ya sha jin amsoshi marasa kyau a rayuwarsa, amma bai taɓa jin irin wannan ba. Ya yi wa Kofur alama. Ankwa ta yi ƙara, Injiniya ta juya ta fuskanci taswirar bango.

Sun iso caji ofis ana sallamar Baba Direba. Yana tsaye a gaban kanta, 'yarsa na riƙe da hularsa, shi kuma yana fama da ɗaura bel. An riga an gaya masa komai. Ya ɗago ya ga wanda aka shigo da shi.

'Yar ta yunƙura za ta yi magana, uban ya dafa hannunta.

Ya tako har gaban mutumin da ya tuƙa shekara ashirin da biyu. Ya kalli ankwar, ya kalli fuskar.

"Oga," ya ce, "da ka faɗa mini, ai da ni zan kai ka filin. Da ni zan riƙe maka ƙafafun na'urar, kuma har in mutu ba mai ji a bakina."

Babban Safiyo ya sunkuyar da kai. Kofur ya taɓa gwiwar hannunsa, suka bi ta ƙofar da aka fito da dattijon.